DAGA DISINA ZUWA ƊAKIN LIKITAN ƘWAƘWALWA: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabi ga jama'ar ƙasar Katagum da sauran 'yan Arewa mazauna biranen Kudu, a kan yadda ake horar da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya.



Maganar yau ta shafi wani irin likita ne wanda yawancin mutanen karkara ba su taɓa gani da idonsu ba, alhali kuwa cututtukan da yake dubawa babu unguwar da ba su shiga ba. Shi ne likitan ƙwaƙwalwa da laka da jijiya, mai duba farfaɗiya, da shanyewar ɓarin jiki, da abin da sanƙarau yakan bari a jikin yaro, da ciwon karkarwa na tsofaffi, da ciwon ɓarin kai, da mutuwar tafin ƙafa da kan sami masu ciwon suga. Za a bayyana yadda ake samun irin wannan likita, da yawan shekarun da horonsa yake ci, da dalilin da ya sa mutumin Disina wanda ke neman abinci a Kudu ya kamata ya san wannan lissafi kamar yadda ya san lissafin jarinsa.

LIKITOCI UKU DA AKE RIKITAWA

Da farko ya kamata a rarrabe likitoci uku da jama'a kan haɗa su wuri ɗaya. Akwai likitan taɓin hankali, irin waɗanda ake samu a asibitin Aro na Abekuta, inda marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi suna tun daga 1954, ko a asibitocin Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato. Akwai kuma likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda yake buɗe ƙoƙon kai ya cire ƙari ko gudan jini. Ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a wannan aiki shi ne marigayi Farfesa Latunde Odeku, wanda ya komo Badun daga Amurka a 1962, ya rasu a 1974. Na ukunsu shi ne wanda ake magana a kansa yau. Shi ba ya riƙe wuƙa. Aikinsa shi ne ya gano wurin da cuta ta zauna a cikin ƙwaƙwalwa ko laka ko jijiya, ya san irinta, sa'an nan ya yi mata magani da ƙwaya ko allura ko gashin ƙashi da motsa jiki, in kuwa ta tiyata ce ya miƙa ta ga mai tiyata.

Rashin rarrabe waɗannan uku ya jawo wa mutane da yawa wahala. Yaro mai farfaɗiya lafiyar hankalinsa lau, amma sau da yawa akan ɗauke shi mai taɓin hankali ko mai iska, a cire shi daga makaranta, a ware masa ƙwarya da tabarma, in mace ce kuma aure ya gagare ta. Gaskiyar magana ita ce farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 50 ne suke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in an gane ciwon daidai aka kuma ba su maganin da ya dace. Ɗaya daga cikin magungunan nan, watau fenobabiton, tun 1912 ake aiki da shi, ba shi kuwa da tsada.

HANYA DAGA DISINA

Disina gari ne na noma da kasuwa a Ƙaramar Hukumar Shira, cikin Masarautar Katagum ta Jihar Bauci. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari, akan nufi Yana, hedkwatar ƙaramar hukuma, daga nan sai Azare, inda babban asibitin Gwamnatin Tarayya yake. In abin ya ƙi, sai a ba da takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, ko Jos, ko Maiduguri, ko Shika ta Zariya. Kowane ɗaya daga cikinsu tafiyar awoyi ce a mota, ga kuɗin shata, ga na masauki, ga na masu jinya. Sau da yawa kuwa waɗannan kuɗi daga aljihun ɗan ci-rani suke fitowa, wanda aka buga wa waya cikin dare yana wurin gadi a Apapa ko yana kasuwar shanu.

Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa ba ya jiran mota ta cika. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai hanyar jini ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. A ido kamanninsu ɗaya, amma maganin ta farko yana iya halaka mai ta biyu, saboda haka sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar siti-sikan kafin a tabbatar. Allurar da take narkar da gudan jinin da ya toshe hanya kuma, bisa ƙa'ida, cikin awa huɗu da rabi na farkon ciwo ake yin ta. Duk wanda ya san nisan hanyar nan ya san cewa awa huɗu da rabi takan ƙare tun ana neman direba.

Haka kuma ƙasar Katagum tana cikin yankin da sanƙarau yake ziyarta da bazara. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Arewacin Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 cutar ta sake ɓulla a jihohi da dama, ciki har da Bauci da Jigawa da Yobe, a shekarar 2024 ɗin kuwa Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta soma aiki da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. Amma waɗanda suka tsira da ransu, wasu sukan kurmance, wasu su sami farfaɗiya, wasu karatu ya gagare su. Bayan annoba ta wuce an naɗe tantuna, waɗannan yara su ne suke bukatar likitan ƙwaƙwalwa shekara da shekaru.

ASALIN WANNAN HORO

Ilmin cututtukan jijiya ya tsaya da ƙafafunsa ne a Turai cikin ƙarni na 19. An buɗe asibiti na musamman domin masu farfaɗiya da shanyewar jiki a birnin Landan a 1860, a birnin Faris na Faransa kuma aka ba shahararren malamin nan Charcot kujerar farfesa ta wannan fanni a 1882. Shi kuwa tsarin da ƙaramin likita zai zauna a asibiti shekaru yana koyo a ƙarƙashin manya, an tsara shi ne a asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda aka buɗe a 1889. A wancan zamani ƙananan likitocin cikin asibitin suke kwana suna tashi, kamar dai yadda almajiri yake zama a zauren malaminsa. Su ne a yau jaridu da rediyo suke kira likitoci masu neman ƙwarewa.

A Nijeriya, Badun ce ta fara. An buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun a 1957, na Ikko kuma a 1962. Abin lura a nan shi ne, asibitin Badun yana kusa da unguwar Sabo, na Ikko kuwa yana Idi-Araba, maƙwabtaka da Hausawa. Ashe 'yan Arewa sun daɗe suna zaune a bakin ƙofar makarantun da suka yaye manyan likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan.

Babban jigo a cikinsu shi ne marigayi Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, wanda aka haifa a 1935, ya rasu a 1995. Ya yi karatun likita a Badun, ya ƙaro ilmi a Ingila, sa'an nan ya komo gida ya duƙufa a kan wata cuta da ta addabi talakawan ƙasar Ijebu da Epe: ƙafafu su mutu, tafiya ta zama ta tangaɗi, gani ya dushe, ji ya ragu. Bincikensa ya danganta cutar da gubar da take cikin rogon da ba a jiƙa shi aka sarrafa shi sosai ba, ga mutanen da kusan kullum shi ne abincinsu, babu nama babu wake. Cikin shekarun 1980 kuma shi da abokan aikinsa suka bi gida gida suna ƙidaya a garuruwa biyu na ƙasar Ibarapa. A Aiyete suka sami masu farfaɗiya 37 cikin kowane mutum 1,000, a Igbo-Ora kuwa, inda aka daɗe da asibiti da awon ciki da rigakafi, kimanin 5 kaɗai. Wannan darasi ne babba ga kowane garin karkara. Kuma likitan da ya zauna cikin jama'arsa, ya san abincinsu da harshensu, shi ne ya iya gano shi.

A da, duk mai son ƙwarewa sai ya haye teku. Daga baya aka kafa Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma a 1976, aka kuma kafa Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Nijeriya da doka mai lamba 67 ta 1979, wadda hedkwatarta take Ijanikin a Jihar Ikko. Waɗannan kwalejoji biyu su ne suke tsara manhaja, su yi jarrabawa, su kuma ba asibiti izinin horarwa ko su hana shi.

TSANI MAI MATAKAI DA YAWA

To, ga yadda tsanin yake. Yaro ko yarinya in sun gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, sai su yi shekara 6 a makarantar likitanci. Bayan nan akwai shekara 1 ta sanin makamar aiki a babban asibiti, inda sabon likita yake zagaya sashen manya, da na yara, da na tiyata, da na mata masu ciki. Sai shekara 1 ta bautar ƙasa. Shekara 8 ke nan, ba a ma taɓa maganar ƙwarewa ba tukuna.

Daga nan sai ya ci jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejojin nan, ya kuma nemi gurbi a asibitin da aka amince masa ya horar. Guraben kuwa kaɗan ne, wani yakan yi shekaru yana jira. In ya samu, sai ya yi shekara biyu zuwa uku a matsayin ƙaramin mai neman ƙwarewa a sashen cututtukan manya, yana bi ta wurin masu ciwon zuciya, da ƙoda, da huhu, da hanta, da suga, da jini, domin ƙwaƙwalwa ba ta zaune ita kaɗai. Abin da ya taɓa zuciya ko ƙoda yakan kai gare ta. A ƙarshen wannan zango akwai jarrabawa ta kashi na ɗaya, a rubuce da kuma a gefen gadon maras lafiya, gaban manyan malaman da suka zo daga wasu asibitoci. Ba kowa yake haye ta a karo na farko ba.

Wanda ya haye shi ne babban mai neman ƙwarewa, a nan ne kuma yake zaɓen fannin ƙwaƙwalwa da jijiya, ya ƙara kimanin shekara uku. Cikin waɗannan shekaru zai koyi karanta hoton ƙwaƙwalwa, da karanta zanen da na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa take fitarwa ga masu farfaɗiya, da auna saurin saƙo a cikin jijiya, da ɗiban ruwan laka daga gadon baya domin gane sanƙarau. Zai kuma zauna na ɗan lokaci tare da masu tiyatar ƙwaƙwalwa da likitocin taɓin hankali. Wajibi ne ya yi bincike na kansa, ya rubuta kundi, ya kare shi a jarrabawa ta kashi na biyu. Sai bayan wannan ne za a kira shi ƙwararre, wanda a asibiti ake ce wa kwansaltan. In an haɗa lissafi, shekara 13 zuwa 14 ke nan bayan sakandare, in ba a sami yajin aiki ko faɗuwa jarrabawa ko jiran gurbi ba. Yaron da ya bar sakandare yana ɗan shekara 18, sai ya haura 30 kafin ya kai.

Ya kamata jama'a su fahimci cewa mai neman ƙwarewa cikakken likita ne mai lasisi, albashi ake biyansa. Shi ne wanda ake tararwa a ɗakin taimakon gaggawa da ƙarfe biyun dare. Da safe zai ba da bayanin duk waɗanda aka kwantar cikin dare, ya bi malaminsa zagayen gadaje, ya zauna ganin masu zuwa daga gida, kana ya koma ga littafi. Saboda haka idan an kwantar da wani a Idi-Araba ko Badun ko Kano, aka ga matashin likita yana yawan tambaya yana ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar guduma, kada a raina shi a ce sai babba. Ta haka babban ya zama babba.

KUNNE KAFIN NA'URA

Malaman wannan fanni sukan koya wa ɗalibi tambayoyi biyu a jere: ina ciwon yake, sa'an nan mene ne shi? Ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu shi yake juya ɓarin jiki na dama, na dama kuma yake juya na hagu, domin jijiyoyin suna gicciye juna a wajen ƙeya. Ga yawancin mutane, ma'ajiyar magana tana ɓarin hagu. Don haka idan aka kawo dattijo hannunsa na dama ya mutu, magana kuma ta ɗauke, likitan da ya sami horo ya riga ya san inda ɓarnar take tun kafin a kunna na'ura. Kayan aikinsa na farko 'yar guduma ce ta roba, da tocila, da auduga, da allura, sai kuwa kunnensa.

A nan ne maganar harshe ta shigo. Bahaushe yakan ce jijiya yana nufin hanyar jini, ya ce jijiya yana nufin agara, ya kuma ce jijiya yana nufin wadda take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Idan tsohuwa ta ce jikinta ya mutu, tana iya nufin kasala, tana iya nufin hannu ya ƙi ɗaguwa, tana kuma iya nufin ba ta jin taɓi. In mutum ya ce yana jiri, ko dai duniya ce take juya masa, ko kuwa gani yake zai suma. Kowanne kuma da inda ya dosa. Mai farfaɗiya bai san abin da ya faru da shi ba sa'ad da ya faɗi, sai an tambayi uwa ko mata ko maƙwabci: ta wane hannu abin ya fara, idanu ina suka juya, ya ciji harshe, ya yi fitsari, minti nawa ya ɗauka? Ta bakin tafinta rabin wannan bayani yakan zube a hanya. Likitan da ya tashi da Hausa ko Fulatanci, ya san abin da ake nufi da iska da sammu da maita a bakin mai jinya, ya kuma san yadda zai yi wa dattijo magana ba tare da ya kunyata shi ba, ya riga ya yi rabin aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

ƘARANCI DA ƘAURA

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya nuna cewa a Afirka likitan ƙwaƙwalwa da jijiya 3 ne ga kowane mutum miliyan 10, alhali a Turai sun kusa 5 ga kowane mutum 100,000. An sami ƙari tun daga lokacin, amma ratar tana nan da faɗi, 'yan kaɗan ɗin da ake da su kuma suna manyan birane. A 2022 ƙasashen duniya suka amince da wani shiri na shekara goma, daga 2022 zuwa 2031, domin kyautata kula da masu farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, horar da ma'aikata yana cikin ginshiƙansa.

Bayan ƙaranci akwai ƙaura. Tun ƙarshen shekarun 1980, sa'ad da darajar naira ta faɗi, manyan likitoci da yawa suka tafi Saudiyya. Daga baya hanya ta karkata zuwa Ingila da Kanada da Amurka. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi kansa ɗan Misau ne, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka gabata. An yi dokar horon likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 domin a tabbatar da kuɗin horon, duk da haka jayayya a kan albashi da alawus ba ta ƙare ba; a 2021 ƙungiyarsu ta yi yajin aiki na kimanin wata biyu daga farkon watan Agusta. Tafiyar ƙwararre ɗaya asara biyu ce: an rasa mai magani, an kuma rasa malami, domin asibitin da ba shi da isassun malamai ba a ba shi izinin horarwa.

Amma Arewa ba ta zauna hannu rabbana ba. Likitocin Kano da Zariya suna cikin babban binciken da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana a kan shanyewar ɓarin jiki, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Badun, wanda aka buga sakamakonsa a 2018. Ya nuna cewa hawan jini yana da hannu a cikin kimanin 9 daga kowane 10 na wannan ciwo. A Kano ne kuma aka gwada auna gudun jini a kan yara masu amosanin jini, watau sikila, domin a gano waɗanda suke cikin haɗarin shanyewar jiki a ba su magani tun da wuri. Har ila yau, a Kano da Zariya da Kaduna an horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci su gane farfaɗiyar yara su kuma kula da ita, ƙwararru suna duba aikinsu. Wannan ya nuna cewa ƙwararre ɗaya, in yana kusa, zai iya zama inuwa ga ƙananan asibitoci da yawa.

AZARE DA SHEKARUN DA KE GABA

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare. Wannan abin farin ciki ne ga Katagum, da Shira, da Giaɗe, da Jama'are, da Gamawa, da Zaki, da Itas da Gaɗau, har ma da maƙwabtansu na Jigawa da Yobe. Sai dai a yi lissafi. Ko da a ce ɗalibi ya shiga a shekarar da aka kafa ta, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ba zai zama ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba sai wajen 2035. Ana iya gama ginin asibiti cikin shekara biyu, ana iya sauke na'ura daga jirgi cikin wata guda, amma mutumin da zai karanta hoton da na'urar ta fitar ba a sayensa a kasuwa.

Kafin kwaleji ta yarda asibiti ya horar a wani fanni, takan aiko da manyan malamai su zo su gani da ido: ƙwararru nawa ne, gadaje nawa, masu ciwo nawa ake gani, akwai na'urori masu aiki, akwai wutar lantarki da ɗakin gwaji da ɗakin karatu? Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata wakilan yankin a majalisun tarayya da na jiha su riƙa ji daga bakin jama'arsu. Dalili kuwa shi ne, shekarun neman ƙwarewa su ne shekarun da likita yake aure, ya sa 'ya'ya a makaranta, ya sayi fili. Inda ya yi su, galibi nan yake kafa gida. Wanda aka horar a Azare ya fi kusa da zama a Azare.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN MAZAUNA KUDU

Na farko, ƙungiyoyin 'yan gari da suke tara kuɗi domin biki da rasuwa da gyaran makabarta su buɗe asusun ilmi mai dogon numfashi, wanda zai ɗauki yaro ko yarinya mai ƙoƙari a kimiyya daga sakandare har ƙarshen tsani. Kada a bar 'ya'ya mata a baya, domin akwai matan da ba sa sakin baki su faɗi ciwonsu sai ga mace 'yar'uwarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, masu neman ƙwarewa daga Arewa sukan zo Ikko ko Badun domin kwasa-kwasai da jarrabawa, kuɗin rajista da na hanya da na masauki suna da nauyi. Al'adar mai masauki da ta riƙe fataucin goro da shanu tun kaka da kakanni za ta iya riƙe wannan ma. Ɗaki ɗaya mai fitila a Sabo ko Agege, da tuwon dare na mako guda, gudummawa ce ga asibitin gida.

Na uku, kowane magidanci da ya haura shekara 40 ya riƙa auna jininsa, ya kuma saya wa iyayensa na gida na'urar awo. Hawan jini ba ya sallama. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Mai aika kuɗin maganin farfaɗiya ko na hawan jini gida, gara ya aika kaɗan kaɗan kowane wata ba fashi da ya aika da yawa sau ɗaya a shekara, domin yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da faɗuwa mai tsanani. Masu sana'ar acaɓa kuma su riƙe hular kwano, gama buguwar kai tana cikin abubuwan da suke haddasa farfaɗiya.

Na huɗu, a isar da wannan saƙo gida. Idan mutum ya faɗi yana jijjiga, a kawar da shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe ɗaya. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a kanga ƙafarsa a wuta. In jijjigar ta wuce minti biyar, sai asibiti. Wanda yake da waya ya ɗauki hoton bidiyo, domin zai taimaki likita ƙwarai. In kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya sarƙe, a kama hanya nan take, kada a ce sai gari ya waye. Addu'a ba ta hana shiga mota. Ana yin ta a cikin motar ma.

Jama'a, kakanni sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Likitan da zai duba tsofaffin Disina nan da shekara goma sha biyar, yau yana aji biyu ko uku na wata babbar sakandare a Yana ko Azare, watakila ma kuɗin littafi ne ya gagari ubansa. Ya rage ga masu hali da masu ƙungiya su nemo shi, su riƙe shi, su yi haƙuri da tsawon karatunsa, su kuma matsa a gyara masa wurin da zai koya ya zauna. Lafiya uwar jiki ce. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya mai da matafiya gida lafiya. Wasalam.